Aninin kaka da farashin da waya ke nunawa (zare)

1/ Jama'a, ku zo mu yi zancen tsofaffin kuɗin nan da samari ke ta tonowa daga adakar kakanni a Tambuwal da Kebbe. Anini, kwabo mai huji, sisi, sule, liyari. Kowa ya ɗauki hoto ya saka a manhaja, manhaja ta ce dala kaza, shi ke nan an fara lissafin sayen babur. Ni dai a ganina farashin nan na wata kasuwa ne da ba mu cikinta, kuma yana cutar mu ta fuska biyu. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Daga ina alƙaluman suke fitowa? Uwar su duka wani kundi ne da Chester Krause da Clifford Mishler suka fara bugawa a Amurka a 1972, Standard Catalog of World Coins. Lambar nan da kuke gani a gefen hoton kuɗi, KM kaza, haruffan farko ne na sunayensu. Kamfanin da ke buga kundin ya karye a 2019, amma alƙalumansa na nan suna yawo a intanet. Akwai kuma shafuka irin Numista, inda masu tara kuɗin da kansu suke shigar da bayanai.

3/ Abin lura: farashin da ke cikin kundin nan na ɗan kanti ne a Amurka ko Turai, wanda yake sayar wa mai sha'awa guda ɗaya. Shi ɗan kantin in zai saya daga hannunka, ƙasa sosai zai taya. Ko a can haka abin yake, balle nan.

4/ Kuma kundin ya fi dacewa da gaskiya a inda ciniki ya yi yawa. Tsoffin kuɗin Amurka kullum ana gwanjonsu, saboda haka farashinsu na sabuntuwa. Namu na Afirka ta Yamma masu nemansu kaɗan ne. Adadi ɗaya zai iya zama a shafi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi, don ba a yi wani cinikin kirki da za a gyara shi da shi ba.

5/ Sai maganar lafiyar kuɗin, kuma nan ne yawancinmu ke faɗawa rami. Kowane kuɗi a kundi yana da farashi huɗu ko biyar a jere, daga wanda ya suɗe har zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Akwai ma'aunin da ake bi, daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949. Idon saurayi kuwa kai tsaye yake tsallakewa zuwa layin ƙarshe, inda adadin ya fi tsoka.

6/ To malam, aninin da ke hannunka ya yi yawo. Ya je kasuwar Jega, ya sayi goro a Dogon Daji, an ƙulle shi a bakin zane, an zura shi a igiya tare da 'yan uwansa, ya sha gumi da ƙura shekara talatin kafin ya kwanta a gwangwani. Layin farko ne gidansa. Layin ƙarshe na wanda ya fito daga gidan buga kuɗi ne aka naɗe shi a takarda bai taɓa gogar wani ba.

7/ Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wankewa. Sai ka ga yaro ya zauna da lemun tsami da toka yana dirzar kwabo har ya yi ƙyalli, wai ya ƙara masa daraja. Masu tara kuɗin nan suna gane wanda aka dirza da kallo ɗaya, kuma su rage masa kuɗi sosai. Dattin shekarun nan da kake gani, su shi suke so.

8/ Mu yi ɗan lissafin kakanni. Anini 10 kwabo ɗaya. Kwabo 12 sule ɗaya. Sule 20 fam ɗaya. Ke nan anini 2,400 ne ke yin fam guda. Kuɗin sayen daddawa da gishiri ne, don haka aka buga shi miliyoyi. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912 ita ke raba shi a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Ƙasa huɗu, kowane gida da gwangwaninsa. Mi zai sa ya yi wuya? A shafukan ciniki na waje, anini na yau da kullum dala ɗaya ko biyu ake sayar da shi, wani lokaci ma a tsibi.

9/ Yanzu ga wanda ya fi rikita mutane: kuɗin 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas. Mutumin ya hau sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar saboda matar da yake son aura. Ingila ba ta kai ga fitar da kuɗi da hotonsa ba, sai 'yan gwaji kaɗan da aka buga aka ajiye. Ɗaya daga cikinsu, na zinariya, an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020.

10/ Wanga labari gaskiya ne. Shi ne masu bidiyo ke ɗauka su liƙa wa kwabonmu. Amma mu nan an riga an buga mana anini da ɗari da kwabo da sunansa a 1936, kuma da yawa aka buga. Ba su buƙatar hoton sarki tunda tsakiyarsu huji ne, suna kawai aka rubuta. Saboda haka kwabon Edward na Afirka ta Yamma yana cikin mafi sauƙin samu ga mai son ya mallaki wani abu na sarkin. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma tsakanin farashin biyun kamar tsakanin Kuchi da Landan ne.

11/ "Ai na gani a eBay an sa shi dala 5,000." Na yarda ka gani. Kai ma yau za ka iya ja akuyarka zuwa kara ka ce miliyan biyu kake so, ba mai hana ka. Farashin akuya shi ne inda aka taya, aka yi albarka, aka ƙara, mai ita ya ce ya sallama. A eBay akwai inda za ka tace sakamako ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kaɗai. Danna nan ka ga yadda dala 5,000 ke komawa dala 3.

12/ Manhajojin da ke gane kuɗi daga hoto kuma, da yawansu kuɗin wata suke so ka biya. In ta ce maka kayanka ba su da daraja, gobe za ka goge ta. Ku yi tunanin wanga da kanku.

13/ A ce ma kuɗinka na da kyau, kundi ya ce dala 40. Ta yaya dala 40 za ta iso Tambuwal? Mai saye na waje yana son shaidar kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC, su kuwa kuɗin dubawarsu kaɗai ya kai dala gommai. Ga kuɗin aikawa da inshora. Ga la'adar shafin, sama da kashi 10 cikin 100. Ga wahalar karɓar kuɗin, don a baya an shafe shekaru da yawa asusun PayPal na Najeriya turawa kawai yake yi. Kafin ka gama, kai ake bi bashi.

14/ Wannan fuska ɗaya ke nan, inda kundi ke kumbura abin da ba shi da nauyi. Ɗaya fuskar ta fi ciwo, don tsofaffinmu take ci.

15/ Liyari. Babbar azurfar nan mai hoton mace mai lulluɓi, wadda iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, Fulani kuma su yi adon kitso da ita. Matar ita ce Maria Theresa ta Ostiriya. Duk wadda ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinta, sai manhaja ta sa yaro ya zaci ya tsinci kayan shekara 240 da wani abu. A'a. A 1780 matar ta mutu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba canji, a Viyana da Landan da Paris da Roma da Bombay. An buga sama da miliyan 300, har yanzu ma a Viyana ana bugawa.

16/ Don haka a wurin masu tarawa yawancin liyari ba wani abin nema ba ce, musamman wadda maƙeri ya liƙa wa kunne don a zura igiya. Amma azurfarta ta gaske ce. Nauyinta giram 28, kusan giram 23 da rabi a ciki tsantsar azurfa. Wato kashi uku cikin huɗu na oza ɗaya.

17/ A Oktoban 2025 farashin azurfa a kasuwar duniya ya haura dala 50 kowace oza. A kan wannan farashin, azurfar da ke cikin liyari ɗaya ta kusan dala 38. Tsohon adadin da ke zaune a kundi tun azurfa na da araha bai san da wanga tashi ba. Farashin ƙarfen kullum yana motsi, yau sama gobe ƙasa, sai ka duba na ranar da za ka yi cinikin.

18/ Haka sule da fataka masu bishiyar kwakwar manja. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau, kashi 92 da rabi cikin 100. Daga 1920 aka koma wani gauraye mai ruwan ɗorawa wanda ba azurfa a ciki. Na 1959 kuma, masu hoton Sarauniya, taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, su ma ba azurfa. Zane kusan iri ɗaya ne a sulen farko da na baya, shekara ce ta raba su.

19/ Masu zagayen saye sun san wannan sarai. Shi ya sa ba sa tayawa ɗaya-ɗaya. "Inna, kawo gwangwanin duka in ba ki kaza." Tsohuwa ta ga an ba ta 'yan dubbai a kan abin da ta ɗauka tarkace ne, ta yi godiya har da addu'a. Shi kuma ya je ya tsince fararen ya kai wa maƙerin azurfa a Sakkwato ko Kano. Jikan da ya kamata ya tsaya mata yana can yana neman mai sayen anini dala 5,000.

20/ Liyari ma akwai jabu, da yawa, tun ba yau ba ake zuba su don ado. Sikelin awon zinariya ya fi kowace manhaja amfani a nan. In ta suɗe za ta ɗan gaza giram 28, in da kunne za ta ɗan haura. Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe kaɗai, tagulla ba ta amsa masa, don haka kar ka ce tunda bai kama ba lallai azurfa ce.

21/ 'Yan damfara kuwa kundin nan ya zame musu jari. Wani ƙanen abokina a nan gari an turo masa hoton shafin farashi, aka ce akwai Balarabe a Dubai da ke neman irin kwabonsa, amma sai ya biya kuɗin rajista da na gwaji tukuna. Ya sayar da buhun gero ya tura. Har yau lambar a kashe take. Hoton shafin da aka turo masa na gaske ne fa, na wani kuɗin ne daban.

22/ Salon tsoho ne. A 2009 an yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya, wai akwai wani jan sinadari mai tsada a cikinsu. Ba a samu komai ba. Duk mai sayen da ya ce ka fara biyansa kafin ya biya ka, ka ajiye wayar. Cinikin azurfa kuma hannu da hannu, ban da "bari in kai wa maigidana in dawo".

23/ Masu tambaya a kan kwandalar 2007, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da naira biyu: har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin naira, takarda ko ƙarfe. Ku bar su.

24/ Kar wani ya ce na ce a watsar da kundi. Ina buɗe shi kusan kullum. Wajen gaya maka sunan kuɗi, ƙarfen da aka yi shi da shi, nauyinsa da adadin da aka buga a kowace shekara, ba shi da na biyu. A nan ne za ka ga cewa a jikin wasu akwai ƙananan haruffa, H ko KN, alamar gidajen buga kuɗi biyu na Birmingham, kuma wata shekarar da wani harafin ba a buga da yawa ba. Irin waɗannan su ne ke iya yin daraja. Akwai kuma aninin farko na 1907 da 1908 da aka yi da alminiyom, mara nauyi kamar murfin kwalba, wanda aka daina saboda yana saurin lalacewa. In ka samu mai lafiya, ware shi gefe. Layin farashin ne kaɗai nake karantawa da ido ɗaya.

25/ Kuma don Allah, gwangwanin nan na mai shi ne. In kaka na raye, a tambaye ta. In ta rasu, kayan gado ne, har liyarin da ke ƙasan adaka.

26/ Mai son in duba masa ya ajiye hoto a ƙasa: gaba da baya, a hasken rana, shekarar ta fito sosai, kuma kar a wanke. In liyari ce ko farin sule, a haɗo da nauyi, ko da a sikelin mai sayar da 'yan kunne ne. Zan fara da mutanen Kebbe da Girkau, don na san su sai sun hau tudu kafin hoto ya tafi.