Bishiyar hezal: Uwargida, duba bayan kwalba kafin ki shafa wa yara

Yau za mu duba ɗan ƙwallon nan mai ruwan ƙasa da kike gani an zana a jikin kwalbar Nutella da wasu cakulan. 'Ya'yan bishiyar hezal ne, Larabawa na ce musu bunduƙ.

Hezal gajeriyar bishiya ce, yawanci ba ta wuce mita 8, kuma takan fito da rassa da yawa daga gindi ɗaya. Asalinta Turai ne da yammacin Asiya. Sai ta sha sanyin hunturu mai ƙarfi take yin 'ya'ya, shi ya sa ba a nomanta a ƙasarmu. Turkiyya ce ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na wanda ake nomawa a duniya, musamman a lardunan Ordu da Giresun da ke gaɓar Bahar Aswad, inda ake girbi a watan Agusta. Rassanta na lanƙwasuwa, don haka tun da can Turawa ke saƙa shinge da kwanduna da su.

Ƙwallon kansa abinci ne mai kyau. Kusan kashi 60 cikin 100 nasa mai ne, irin wanda ke cikin man zaitun, ga kuma bitamin E.

Sai dai kada hoton ya ruɗe ki. Karanta jerin kayan haɗin da ke bayan kwalbar Nutella: sukari ne a farko, sai tataccen manja, hezal kuwa kashi 13 cikin 100 ne kawai. Fiye da rabin abin da kike shafa wa yaro a burodi sukari ne. Ki ɗauke shi a matsayin alewa, a ba su jefi-jefi. Don karin kumallon kullum, gyaɗar da kika soya kika niƙa da kanki ta fi sauƙin kuɗi, kuma ba sukari a cikinta.

Idan an kawo miki tsarabar ƙwallon, kada ki ba yaron da bai kai shekara 5 ba sai kin niƙa, domin yana iya shaƙe shi. Wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa. Idan kin ga ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko numfashi da ƙyar bayan an ci, a garzaya asibiti nan take.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.