Hawan jini a birane: Me ya sa ake ɗora laifin kan "tunani" kaɗai?

A Hausa, "ciwon zuciya" na da ma'ana biyu. Akwai wanda likita ke ganowa ta hanyar gwaji, akwai kuma na ɓacin rai, irin wanda uwa ke nufi idan ta ce ɗanta zai sa mata ciwon zuciya. Cakuɗewar ma'anonin nan ta yi tasiri kan yadda mazauna birane irin su Kano da Kaduna da Zariya ke kallon rigakafin cutar.

Idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, abin da aka fi ji a wajen dubiya ko zaman makoki shi ne "tunani ne ya yi masa yawa". Sai a shiga lissafo kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da kayan ɗakin 'ya mace, da rigimar gado. Da wuya a ji wanda ya tambayi yaushe rabonsa da auna jini.

Akwai gaskiya a maganar

Damuwa tana taɓa zuciya. Binciken INTERHEART da aka gudanar a ƙasashe 52, aka wallafa a mujallar Lancet a 2004, ya sanya damuwar gida da ta wurin aiki cikin abubuwa tara da suka fi haddasa bugun zuciya. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin sinadarai da ke ƙara saurin bugawar zuciya, suna kuma matse hanyoyin jini. Idan abin ya zama na kullum, sai ya bar illa.

Nauyin kuma ya ƙaru. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin abinci da sufuri ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma a gidan Bahaushe albashi ɗaya ba mata da 'ya'ya kaɗai yake riƙewa ba. Akwai iyaye a ƙauye, da ƙanne a makaranta, da marayun ɗan uwa.

Inda fahimtar ke cutarwa

Matsalar ita ce, wanda ya yarda tunani ne kaɗai sanadi, zai ɗauka maganin shi ne samun sauƙin rayuwa. Sai ya zauna jiran ranar da zai gama biyan bashi ko ya aurar da yara. Alhali hawan jini yana da wasu tushe da ba ruwansu da halin aljihu: gado daga iyaye, da shekaru, da ƙiba, da yawan gishiri, da ciwon suga, da shan taba.

Ga shi kuma yawanci ba ya nuna alama. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2021 sun nuna cewa a lokacin manya kusan biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 na da hawan jini, kuma kimanin kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba.

Ko waɗanda suka sani ma, wannan fahimta na biyo su. Mutum zai sha magani na wata biyu, rigimar gida ta lafa, ciwon kai ya ɗauke, sai ya ajiye ƙwayoyin a kan cewa ya warke. Maganin hawan jini kuwa saukar da shi yake yi, ba ya kawar da shi. Ta wannan ƙofa masu tallan magani da lasifika a bakin kasuwa ke samun ciniki, domin su alƙawarin warkewa gaba ɗaya suke yi.

A ganina, babbar ɓarnar da damuwar iyali ke yi ba ta cikin jijiya ba ce, ta cikin lissafin ƙarshen wata ce. Idan kuɗi suka gaza, maganin maigida ko na uwargida ake fara cirewa, domin yaro ba zai kwana da yunwa ba, mai gidan haya kuma ba ya jira.

Mata na da nasu yanayin. Da yawansu ba a auna jininsu sai lokacin awon ciki, daga sun haihu shi ke nan. Ƙiba kuma har yanzu wasu na kallonta a matsayin alamar miji yana kula.

Tukunya ɗaya ake ci

Shawarar da ake bai wa marar lafiya shi kaɗai a ɗakin likita ba ta cika aiki ba. WHO ta ce kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya na cikin lissafin. Wanda ke girki ne ke da iko da wannan, ba wanda aka rubuta wa magani ba. Haka nan motsa jiki na minti 150 a mako: tafiyar ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa na iya cike shi, amma matar da ba ta cika fita ba sai an samar mata hanya a cikin gida.

Ta ɓangaren hukuma, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, sai dai har yanzu mafi yawan jama'a daga aljihunsu suke biya. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu da direbobin adaidaita sahu, waɗanda su ne jigon tattalin arzikin Kano, su aka fi bari a baya.

Awon jini dai ba ya ɗaukar minti biyar, kuma ana yin sa a asibitocin unguwa da manyan shagunan magani. Idan aka auna a ranaku biyu daban aka samu 140/90 ko sama da haka, likitoci na ɗaukarsa hawan jini, ko mutum na cikin damuwa ko hankalinsa kwance.