Man buwat: in mota ta lalace a garaji, wa zai biya?

Duk wanda ya dubi motocin da suke yawo yau cikin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa zai ga da yawa daga cikinsu ba irin na da ba ne. A zamanin Peugeot 504, direba shi yake sauya bitas da hannunsa. Yanzu kuwa motocin da ake sayowa na hannu daga Turai da Amurka, da yawa otomatik ne, wato akwatin bitas, wanda masu garaji suke kira buwat, shi yake sauya bitas da kansa. Wannan sauƙi ya zo da wata rigima: mutum ya kai motarsa a juye mata mai, bayan sati biyu ko uku buwat ta ƙone, shi da mai garaji kowa yana cewa laifin ɗan'uwansa ne.

Kafin a yi maganar laifi, ya kamata a san aikin man. A buwat ta hannu, aikinsa shi ne ya hana ƙarafa cin junansu, shi ke nan. A buwat otomatik kuwa, man ne yake ɗauko ƙarfin inji ya miƙa shi ga ƙafafu. Shi ne kuma famfo yake turawa cikin ƴan ƙananan hanyoyi, ya matse faya-fayen da suke kama juna duk lokacin da bitas za ta sauya, kuma shi yake kwashe zafi. Saboda haka kowane kamfani yana auna kaurin man da santsinsa daidai da faya-fayen da ya ƙera. In santsin ya yi yawa, faya-fayen su dinga zamewa suna ƙonewa. In ya yi kaɗan, su dinga kamawa da fizga.

Tun 1940, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya baza buwat ɗinsa mai suna Hydra-Matic a kasuwa, irin wannan mai yake ta rarrabuwa. An fito da Dexron a 1967, kamfanin Ford ya fito da Mercon a 1987. Toyota tana da T-IV, tana kuma da WS wanda ya fi shi tsinkewa, kuma kamfanin bai yarda a zuba ɗaya a madadin ɗaya ba. Honda tana da DW-1. Akwai kuma buwat irin CVT, wadda ake samu cikin motocin Nissan da yawa: ita ɗamara ce ta ƙarfe take gudu tsakanin kwarkwaro biyu, man da take sha daban ne, NS-2 ko NS-3. In aka zuba mata Dexron, ɗamarar za ta iya zamewa ta karce kwarkwaron, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa sai an sauya kayan.

To, ga inda matsalar take a garajojinmu. Yawancin waɗannan mayuka ja ne, amma jan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta su da man inji. Yaron garaji da aka aika kasuwa ya sayo “jan mai” zai kawo abin da ya samu mai araha. Sau da yawa bidon yana ɗauke da sunan Dexron III, alhali General Motors ya daina ba da izinin amfani da wannan suna tun ƙarshen 2006, bayan ya fito da Dexron VI. Ma'ana, kamfanin ba ya duba abin da yake cikin wannan bido. Wani makanikin ma, wanda ya koyi aiki kan tsofaffin kamyo, sai ya zuba mai kauri lamba 90 na buwat ta hannu. Wannan kam ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ya sa shari'ar take da wuya shi ne, in ba irin wannan babban kuskure ba, ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Juye na yau da kullum yana fitar da kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man ne, sauran ya gauraya da sabon. Motar ta fita lafiya. Daga baya ta fara jinkirin ɗaukar bitas, ta dinga karkarwa, inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba. Garin faya-fayen da suka cinye ya toshe hanyoyin man, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Zafin watan Afrilu da Mayu, da yake wuce awo 40, sai ya ƙarasa aikin kan hanyar Doso ko ta Agadas. A nan mai garaji zai ce motar tsohuwa ce, dama buwat ɗin ta gaji tun daga tashar jirgin ruwa. Wani lokaci gaskiya ya faɗa.

Me doka ta ce? Kundin Code civil da ƙasarmu take aiki da shi, wanda ta gada daga Faransa, ya yi bayani a aya ta 1147 cewa wanda ya ɗauki alkawarin aiki bai cika shi daidai ba, zai biya diyya, sai fa in ya nuna wani dalili ne daga waje wanda ba shi da hannu a ciki. Aya ta 1384 kuma ta ɗora wa maigida alhakin ɓarnar da ma'aikatansa suka yi cikin aikinsu. Ke nan maganar “yaro ne ya zuba, ba ni ba” ba ta fid da kowa gaban alƙali. A Faransa, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yanke ran 11 ga watan Mayu na 2022 cewa in lahani ya fito ko ya ci gaba bayan makaniki ya taɓa mota, ana ɗauka kuskurensa ne ya jawo shi, sai ya kawo shaidar da za ta wanke shi. Wannan hukunci bai ɗaure alƙalanmu ba, amma tushen dokar ɗaya ne, kuma hujjarsa mai kyau ce: wanda ya buɗe buwat shi ya san abin da ya zuba, mai mota yana zaune bisa benci. Malamanmu ma ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, mai sana'a shi yake da lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a bayan idon mai su, ko da lada ko ba lada.

Amma alhakin yakan rabu. In mai mota ne ya kawo man da kansa, makaniki ya ga bai dace ba ya yi shiru, to ya yi sakaci da nasihar da sana'arsa ta wajabta masa. In ya yi gargaɗi mai motar ya nace, nauyin ya koma kan mai motar, muddin akwai shaida. In kuma ɗan kasuwa ne ya cika bidon asali da jabun mai, mai garaji yana da hanyar bin ɗan kasuwar bisa aya ta 1641, wadda ta yi magana kan ɓoyayyen aibin kayan sayarwa. Kada kowa ya dogara ga asurans: wadda doka ta tilasta wa masu mota tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne, ba ta biyan buwat da ta ƙone.

Duk wannan doka ba ta amfanin wanda ba shi da shaida, kuma a ganinmu nan ne babban rauninmu. Garaji nawa ne yake ba da takarda mai ɗauke da ranar aiki, lambar mota, kilomita, sunan man da yawan litar da aka zuba? Wannan takarda tana kare makaniki mai gaskiya kamar yadda take kare mai mota. Sunan man da ya dace yana cikin littafin motar, wani lokaci a rubuce jikin sandar awon mai. Mai mota ya nemi a buɗe bidon gabansa, ya riƙe fankon. In lahani ya fara, ya tsayar da motar nan take, domin ci gaba da tuƙi yana ƙara ɓarna, kuma yana ba mai garaji hujja. Kada ya bari a zubar da man ko a kwance buwat ɗin kafin ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, wato huissier, ko wani ƙwararre da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya gani ya ɗebi kaɗan cikin kwalba.

Tun da aka rufe iyaka da ƙasar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi ta Kwatano tsawo, kuma buwat ta hannu ta biyu ba abin da ƙaramin ma'aikaci yake saye da albashin wata ɗaya ba ne. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai da makarantun koyon sana'a su sa darasin buwat otomatik cikin horonsu, hukumomin kasuwanci kuma su leƙa rumfunan da ake sayar da jan mai cikin bido marar hatimi. Ma'aikatun gwamnati masu motocin aiki su fara da kansu, su daina biyan kuɗin juye sai an kawo takarda mai ɗauke da sunan man.