Wa Ke Da Ikon Rufe Bakin Manomi?

'Yan'uwa manoma, a farkon watan Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a dukan Jihar Zamfara. An ce na mako biyu ne, domin sojoji su fatattaki 'yan bindiga ba tare da wani ya tsegunta musu ba. Mako biyu ya cika, ba a buɗe ba. Ba da daɗewa ba aka kashe a waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka kuma rufe kasuwannin mako a wurare da yawa. Mutanen Birnin Gwari da maƙwabtansu ba su sake jin wayarsu ta yi ƙara ba sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Ku duba watannin nan da kyau: Satumba, Oktoba, Nuwamba. Kaka ke nan. Mai gero da masara ba shi da hanyar sanin abin da buhu yake yi a Dawanau, sai abin da dillali ya faɗa masa. Mai kaya ba ya iya kiran mai mota. Ɗan da ke aiki a Legas ya aiko da kuɗin girbi, amma mai POS ya rufe rumfarsa gama na'urar ba ta aiki sai da sabis. Mafi muni, mutumin da ya hango babura suna fitowa daga daji ba ya iya kiran soja, ba ya iya gargaɗin ƙauyen da ke gaba. Ɗan bindiga yana da babur, yana da 'yan aike. Talaka wayar nan ce kaɗai ƙafarsa. Da aka maido da sabis kuma, satar mutane tana nan.

Mun kawo wannan domin maganar da muke ji a tarurrukanmu. Sau da yawa dattijo yakan tashi ya ce waya ta lalata gari, gwamma hukuma ta hana mutane faɗin abin da suka ga dama a cikinta. Muna girmama masu wannan ra'ayi, kuma akwai abin da suka gani. Amma ba mu yarda da maganin da suke nema ba.

Bari mu tuna yadda muke dā. Wasiƙa takan bi ta akwatin gidan waya na ekklesiya ko na makaranta, ta yi makonni a hanya, sa'an nan a nemi malami ya karanta. Muna da akwatin rediyo, muna jin Kaduna, muna jin BBC, muna jin Muryar Bishara. Rediyo yakan yi mana magana, mu kuwa ba mu da bakin amsa masa. In aka karkatar da takin zamani na gundumarku, wa za ku gaya wa? Sai ku yi gunaguni a gindin bishiya. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, aka fara aika wa manomi saƙo a wayarsa cewa buhunan takinsa biyu suna wuri kaza a kan rabin kuɗi. Shirin yana da nasa aibu, ya kuma tsaya daga baya, amma manoma da yawa a lokacin ne suka fara sanin akwai rabon da aka rubuta da sunansu. Yau ko wanda bai shiga aji ba yana iya ɗaukar hoton tsutsar da ke cin masararsa ya tura wa malamin gona, ya ƙara da saƙon murya. Yana iya ɗaukar hoton gadar da aka ce an gama, duniya ta ga rami.

Ɓarnar kuma ba za mu ɓoye ta ba. Wa ya manta da daren nan na watan Agusta 2014, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, don maganin cutar Ebola? Waɗansu suka kwanta asibiti, waɗansu suka mutu. Kowa ya ji ne daga bakin wanda yake ƙaunarsa, shi ya sa ba wanda ya tambaya.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. A watan Yuni na 2018 aka kai hari a ƙauyukan Gashish, a ƙasar Barikin Ladi, aka kashe mutane masu yawa. Wannan gaskiya ne, an binne su. Amma a cikin hotunan da aka yi ta bazawa a Facebook a kwanakin nan akwai na ƙarya. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna ɗaya daga cikinsu ba a Nijeriya ma aka ɗauka ba, a Kwango-Barazabil ne, tun 2012. Matasa suka gani, jininsu ya tafasa, suka tare hanya, suka fitar da matafiya daga motoci suka kashe, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya danna ya tura hoton nan yana zaune a ɗakinsa, watakila yana tsammani taimakon 'yan'uwa yake yi. Shaidar zur ce ya bayar, ko da bai buɗe baki ba.

To, me ya sa ba mu goyi bayan a toshe ba? Domin mun ga a kan wa sandan yake sauka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon faɗin ra'ayinsa da karɓar labari. Duk da haka, kowace gwamnati takan sami dalilin rage shi, kullum kuwa da sunan hana ƙarya. A 1984 an yi Doka ta 4 ta mulkin soja, aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, a kan labarin naɗin jakadu. A watan Yuni na 2021 gwamnati ta rufe Twitter kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai Janairu 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ba bisa doka take ba. Sashe na 24 na dokar laifofin intanet ta 2015 an yi ta kama 'yan jarida da masu sukar manya da shi, har aka yi masa gyara a 2024. Mai ƙaryar gishiri yana barcinsa lafiya. Wanda ya tambayi ina kuɗin rijiyar burtsatse, shi ake zuwa ɗauka. In aka ba hukuma wuƙar yanke harshe, manomi ba shi ne zai riƙe ƙotar ba.

Yanzu bari mu shiga gida, gama a nan ne maganar ta fi shafarmu. Yawancin ƙungiyoyinmu na gama kai suna da zauren WhatsApp, kuma shugaba ko magatakarda ne yake riƙe da mabuɗinsa. A yawon da muke yi mun sha ganin abu ɗaya. Wani ya rubuta, “Ranka ya daɗe, buhu nawa aka saya da kuɗin da muka tara, kuma a kan nawa?” Kafin gari ya waye an fitar da shi daga zaure, an ce ba shi da ladabi, yana so ya raba kan 'yan'uwa. Wani lokaci a kulle zauren yadda shugabanni ne kaɗai za su iya rubutu. Mene ne bambancin wannan da kashe sabis a Zamfara? Girma ne kawai. Tambayar kuwa ba ta mutuwa. Takan koma bayan coci, ta koma wurin niƙa, ta dawo ta zama “an ce ma'aji ya ci kuɗi”. Ma'aji mai gaskiya shi ne ya fi kowa hasara, domin da an bar shi ya ɗauki hoton rasit ya sa a zaure, da magana ta ƙare cikin minti biyar. Mun ga ƙungiyoyin da rashin ruwa bai kashe ba, amma zargin da aka hana fitowa fili ya watse su.

Ba muna cewa kowa ya zagi wanda ya ga dama ba. Tambaya dabam, ƙazafi dabam. Wanda ya ce an ci kuɗi, sai ya zo taro ya faɗa a gaban wanda yake zargi, a buɗe littafi, dattawa su duba. In ya ƙi zuwa, ya janye maganarsa a wurin da ya yi ta. Fitar da mutum daga zaure kuwa kada ya zama ikon mutum ɗaya da dare, ya zama shawarar taro, bayan an ji bakinsa.

Game da labarin da ke shigowa daga waje, muna roƙon kowace ƙungiya ta saba da tambaya kafin turawa: wa ya gani da idonsa, a ina, ran nan ko bara? In kun ga 'yan kibau biyu a saman saƙo, WhatsApp yana gaya muku ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso gare ku, watau ba wanda ya san ubansa. In an ce an kai hari a ƙauye kaza, kuna da lambar fasto ko mai unguwa ko limamin wurin. Kira ɗaya ya fi tura wa mutum hamsin araha. In kuma labarin ya tabbata, ku faɗa da ƙarfi, kada wani ya hana ku.

Akwai kuma waɗanda aka rufe wa baki ba da gangan ba. Mata da yawa a ƙungiyoyinmu ba su da babbar waya, waɗansu wayar maigida suke ara. Tsofaffi ma haka. Su ne kuwa suka fi biyan kuɗin wata a kan kari. In aka yanke shawarar sayar da hatsin rumbun ƙungiya a cikin zaure da ƙarfe goma na dare, su ba su ji ba, ba su ce ba. Saboda haka muna roƙon magatakardu, a taron bayan girbi na bana a karanta a fili duk abin da aka tattauna a waya, a kuma sa maganar wanda zai riƙe mabuɗin zaure cikin abubuwan da za a jefa wa ƙuri'a.