An samo maganin sikila, amma wa ya samu?

Tun Disambar 2023 da Amurka ta amince da Casgevy, labari ɗaya ke yawo a WhatsApp: wai an gama da sikila. Har na ji mai cewa gwajin jini kafin aure ya zama tsohon yayi. Wannan ganganci ne.

Ba na raina aikin. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, a datse wani gurbi a ƙwayar gado mai suna BCL11A da fasahar CRISPR, sai jiki ya koma yin irin jinin da ɗan tayi ke yi, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. A binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2024, mutum 29 cikin 30 sun shekara ciwon bai tasar musu da tsanani ba.

To amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, na mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin kuma sai an kashe ɓargo da magani mai ƙarfi wanda kan hana haihuwa. Wane magidanci ne a Gwale zai iya?

Abin haushin, a nan Kano aka gwada hydroxyurea, magani mai sauƙin kuɗi, aka ga yana rage wa yara masu sikila haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wannan binciken ban ga mai tura shi ba. Iyaye da yawa ko sunan maganin ba su taɓa ji ba, wasu ma sai hannun yaro ya kumbura suke sanin yana da cutar. A tambayi gwamnoni: me ya hana a gwada jinin kowane jariri, a ajiye maganin a asibitocin ƙananan hukumomi?