Yarjejeniyar Cinikin Tsibiran Pasifik: Wa Ya Ci Ribar?

Ran 13 ga watan Disamba 2020 ne yarjejeniyar cinikin nan da ake kira PACER Plus ta fara aiki tsakanin Ostareliya da Niyu Zilan da waɗansu ƙananan ƙasashen tsibiran tekun Pasifik. An sa mata hannu tun watan Yuni 2017 a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, bayan an shafe shekara takwas ana ja-in-ja a kan teburin shawara. Ƙasashe goma ne suka tabbatar da ita, watau manyan nan biyu, da Samoa, Tonga, Kiribati, Niue, tsibiran Cook, tsibiran Solomon, sa'an nan Tuvalu da Vanuatu da suka biyo baya a 2022. Ita yarjejeniyar da kanta ta tanadi a riƙa zama lokaci lokaci ana duba ta, a ga inda aka ci gaba da inda aka tsaya. Ra'ayinmu shi ne, duk wani bincike da za a yi mata bai cika ba in bai tsaya kan wannan magana guda ba: abin da manyan ƙasashen biyu ke so an ɗaure shi da igiyar doka, abin da ƙananan ke bukata kuwa an bar shi a matsayin alkawarin fatar baki.

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mai karatu ya san girman waɗanda suka zauna wannan ciniki. Ostareliya tana da mutane fiye da miliyan 26, Niyu Zilan kuwa wajen miliyan 5. Tonga mutanenta ba su wuce dubu 100 da 'yan kai ba. Tuvalu wajen dubu 10 ne, Niue kuwa ko dubu 2 ba ta kai ba, watau unguwa guda a Kano ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Ga kuma nisa. A ƙasar Kiribati kaɗai, daga Tarawa babban birni zuwa tsibirin Kiritimati ya fi kilomita 3,000, duk ruwa. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane dalilin da ya sa rage kuɗin fito kawai ba ya ɗaga ciniki a wannan yanki ba.

To, me kowane ɓangare ya kawo kasuwa? Ostareliya da Niyu Zilan sun yi alkawarin barin kayan tsibiran su shiga ƙasashensu ba tare da kuɗin fito ba. Magana mai daɗin ji. Sai dai tsibiran sun riga sun sami wannan dama tun 1981, a ƙarƙashin wata tsohuwar yarjejeniya mai suna SPARTECA, wadda ba ta nemi su rama da kome ba. Watau an sayar musu da abin da ke cikin aljihunsu ne. Sabon abin da ya shigo shi ne, yanzu su ma wajibi ne su sauke kuɗin fiton da suke karɓa a kan yawancin kayan da ke zuwa daga ƙasashen biyu, su kuma buɗe ƙofa ga kamfanoninsu na jari da na hidimomi. Gaskiya ne an ba su lokaci mai tsawo, shekara 25 ga waɗansu, har 35 ga mafi talauci. An kuma sassauta ƙa'idar da ake bi wajen tabbatar da cewa kaya ɗan ƙasa ne, wadda a da take hana waɗansu kayan da aka harhaɗa a tsibiran cin moriyar rangwamen. Amma ko bashi ya yi dogon wa'adi, ranar biya tana nan tafe.

Kuɗin fito kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga gwamnatin da ba ta da masana'antu, ba ta da ma'adinai, ba ta da ma'aikata masu yawa da za ta yanki haraji daga albashinsu. Vanuatu, alal misali, ba ta karɓar harajin albashi sam. In kuɗin bakin tashar jirgin ruwa ya ragu, shawarar da masana na waje ke bayarwa kullum ita ce a koma ga harajin saye da sayarwa. Wannan haraji ya riga ya kai kashi 15 cikin 100 a Samoa da Tonga da Vanuatu. Shi kuwa bai san mai kuɗi da talaka ba: tsohuwar da ta sayi gwangwanin kifi da kwanon shinkafa ta biya daidai da minista. Masu binciken yarjejeniyar ya kamata su fito da lissafi ƙasa ƙasa, su nuna nawa za a rasa a kowane mataki, daga aljihun wa kuma za a cike giɓin.

Ba za mu ƙi faɗin alherin da aka samu ba. Manyan ƙasashen biyu sun ware dalar Ostareliya miliyan 25 da rabi domin aikin shekara biyar na farko, aka kuma buɗe ofishin gudanarwa a Apia, babban birnin Samoa. Da irin wannan taimako ne ƙananan ƙasashe kamar Kiribati da Tuvalu da Niue suka sami tsarin kwastan na kwamfuta maimakon tulin takardu, aka kuma wallafa dokokin shigo da kaya da fitar da su inda ɗan kasuwa zai iya gani ba sai ya bi ofis ofis ba. An horar da ma'aikata, an gyara waɗansu dokoki da suka tsufa. Har wa yau, adalci ne a tuna cewa yarjejeniyar ta faɗo a mummunan lokaci. Sa'ad da ta fara aiki annobar korona ta sa tsibiran sun rufe iyakokinsu, Samoa da Tonga ba su buɗe sosai ba sai cikin 2022, a watan Janairun shekarar nan kuma dutse mai aman wuta ya fashe a tekun Tonga ya yi mummunar ɓarna. Duk wanda ya ce a yanke hukunci da alkaluman waɗannan shekaru kaɗai bai yi gaskiya ba.

Amma fa a raba dala miliyan 25 da rabi ga ƙasashe takwas cikin shekara biyar, a ga abin da zai rage wa kowa. Kuɗin taro da horo ne, ba kuɗin gina tasha ko sayen jirgi ba. Alhali kuwa abin da ya tare wa manomin tsibiri hanya ba jami'in kwastan ba ne. Na farko jirgin ruwa ne, wanda ba ya zuwa waɗansu tsibiran sai bayan makonni, kuɗin dakonsa kuma ya isa ya cinye ribar gwaza ko busasshiyar kwakwa tun ba ta bar gida ba. Na biyu malamin duba tsirrai ne a tashar Okland ko Sidni. Ƙasashen nan biyu suna da tsananin tsaro a kan ƙwari da cututtukan shuka, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin noma ne arzikinsu. Sai dai neman izinin shigar da sabon amfanin gona guda yakan ɗauki shekaru. A 2020 an sami tsutsar wani ƙuda mai ɓata 'ya'yan itace a cikin kankanar Tonga, nan take Niyu Zilan ta dakatar da sayenta na wani lokaci, manoma suka zauna da kayansu. Babu ko kwabo na kuɗin fito a wannan labari.

Dubi kuma kava, saiwar nan da mutanen yankin ke dakawa su jiƙa su sha, wadda tana cikin manyan abubuwan da Vanuatu da Fiji da Tonga ke fitarwa. Ostareliya ta hana shigo da ita don sayarwa tun 2007, ba ta buɗe ƙofa ba sai Disamba 2021, shi ma da shawarar gwamnatinta ne, a matsayin gwaji. Abin da hannu ɗaya ya buɗe yau, yana iya rufewa gobe.

Labarin masana'antu ya fi wannan ban tausayi. Kamfanin Yazaki na Japan ya kafa ma'aikatar harhaɗa wayoyin lantarki na mota a Samoa tun farkon shekarun 1990, saboda damar nan ta shiga Ostareliya ba fito. Shi ne kamfani mafi yawan ma'aikata a ƙasar in aka cire gwamnati. A 2017, shekarar da aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, Ostareliya ta daina ƙera motoci, ma'aikatar ta rufe, mutum fiye da 700 suka rasa abin yi. Ƙofar tana nan a buɗe, mai saye ne ya tashi.

Wannan ya kawo mu ga ainihin hajar da tsibiran ke da ita, watau ƙarfin samarinsu da 'yan matansu. Tun 2007 Niyu Zilan take ɗaukar 'yan ci-rani daga tsibiran domin tsinkar tuffa da inabi, ta fara da izinin mutum 5,000 a shekara, adadin ya hau har ya kai 19,000 a 2022. Ostareliya ta bi sahu a 2012, daga baya ta faɗaɗa har zuwa mahauta da gidajen kula da tsofaffi. Kuɗin da 'yan ci-rani da waɗanda suka zauna a waje ke aikowa gida ya kai kimanin kashi 40 cikin 100 na dukiyar da Tonga ke samarwa a shekara. Da shi ake yin rufin kwano, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Tun farkon tattaunawa wakilan tsibiran suka ce to, in za mu buɗe muku kasuwarmu, ku rubuta mana wannan dama ta aiki a cikin yarjejeniya, ta zama haƙƙi. Manyan suka ƙi. Aka fitar da batun aka sa shi a wata takarda dabam ta fahimtar juna wadda ba ta ɗaure kowa, aka ce za a riƙa taro a kansa kowace shekara. Saboda haka yawan waɗanda za a ɗauka, da irin aikin, da sharuɗɗansa, duk a Kanbera da Welinton ake yanke su. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Ci-ranin ma yana da nasa ciwon, wanda bincike na gaskiya ba zai tsallake ba. A Ostareliya izinin zaman ma'aikaci a ɗaure yake da uban gidan da ya kawo shi, saboda haka wanda aka zalunta yakan haɗiye ne ko ya gudu ya rasa takardunsa. A gida kuma, gwamnatin Samoa a zamanin firayim minista Fiame Naomi Mata'afa ta koka cewa ƙwararrun ma'aikatanta na barin aiki suna tafiya tsinkar 'ya'yan itace, gonaki da otal otal na neman hannu babu. Ƙasar da ta horar da malamin makaranta da kuɗin talakawanta, ta wayi gari yana ɗaukar kwandon inabi a ƙasar wani, ba za a ce mata ta ci riba ba sai an yi lissafi da kyau.

Akwai kuma kujeru biyu da ba kowa a kansu. Papuwa Niyu Gini da Fiji, waɗanda su ne suka fi kowa jama'a da masana'antu a cikin tsibiran, ba su sa hannu ba. Papuwa ta janye tun 2016, tana cewa ba ta ga abin da za ta samu ba. Fiji ta yi ƙorafi kan abu biyu: rashin isasshiyar kariya ga masana'antu masu tasowa, da sharaɗin da ya ce in ta yi wa wata babbar ƙasa rangwame nan gaba, tilas ta yi wa Ostareliya da Niyu Zilan irinsa. Nauru ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta haɗa Nijeriya da Fiji da Samoa da Tonga a rukuni guda mai shigar da kaya Turai ba tare da ramawa ba, da Turai ta nemi a koma ba-ni-in-ba-ka kuwa, Nijeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar da aka kammala a 2014 saboda tsoron abin da zai sami masana'antunta. Mai masana'anta shi ke jin tsoron buɗe ƙofa. Su kuwa ƙananan tsibiran da suka shiga, da yawansu taimakon da ke biye da takardar suka duba.

Masu kare yarjejeniyar sukan ce ƙaramar ƙasa ba ta da zaɓi, abin da aka miƙo mata shi za ta karɓa. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan ba. Ƙasashe takwas da suka haɗu a yarjejeniyar Nauru ta 1982, cikinsu har da Kiribati da Tuvalu da tsibiran Solomon, su ke da ruwan da ake kama kaso mai yawa na kifin tuna na duniya. Shekara da shekaru jiragen waje na kwasa suna biyan abin da suka ga dama. Da ƙasashen suka haɗa baki suka koma sayar da ranakun kamun kifi, suka sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi, dala 8,000 a rana tun 2015, abin da suke samu ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 a shekara. Ba wanda ya ba su wannan kyauta. Gonakin Ostareliya da Niyu Zilan kuwa sun nuna a lokacin korona, sa'ad da 'ya'yan itace suka riƙa ruɓewa a kan bishiya don rashin masu tsinka, cewa su ma suna da bukata.

Saboda haka muna ganin ministocin tsibiran bai kamata su yarda a auna wannan yarjejeniya da yawan tarurruka da kwasa-kwasan da aka yi ba. Su nemi a kawo musu jerin amfanin gonar da aka ba sabon izinin shiga tun 2020, da tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka, a kuma sa wa'adin da ba za a wuce ba wajen amsa irin wannan roƙo. Kuɗin taimako na gaba a karkata shi ga ɗakunan sanyi da wuraren turara kaya da magani a bakin tasha. Batun 'yan ci-rani a dawo da shi cikin yarjejeniya, da mafi ƙarancin adadin da aka lamunta, da 'yancin ma'aikaci ya sake uban gida in an cuce shi, da wani kaso na horar da waɗanda za su maye gurbin masu tafiya. In manyan sun sake ƙi, to tsibiran suna da hujjar neman a jinkirta matakan sauke kuɗin fito da ke gabansu, musamman tsibiran Solomon, waɗanda aka tsara za su fita daga jerin ƙasashe mafi talauci na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen 2027, su rasa waɗansu sassaucin da suke samu yanzu.