A bar ɗalibai su yi wannan dariyar

Akwai ƙorafin da ake yawan kawo mana, mu malaman adabi a makarantun sakandare na wannan yanki, daga Birnin Kudu har Gwaram da Basirka: wai bai dace a ajiye wa yaro labarin da mugu ya cim ma burinsa ba, balle wanda aka rubuta shi yadda mai karatu zai yi dariya alhali ana shirin kashe mutum. Masu wannan magana iyaye ne da abokan aiki masu kishin tarbiyya, kuma ina ganin girmansu. Amma ban yarda da su ba, kuma hujjata labarai biyu ce, ɗaya namu na gida, ɗaya daga Amurka.

Namu shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito sanadiyyar gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shaihu da bai taɓa haihuwa ba ya sa dukiya ya aure ta. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya bar gari, ya sha wuyar daji, ya kai kansa wurin boka, ya samo asiri. Sai dai bai jefi Malam Shaihu da shi ba, ɗan da aka daɗe ana roƙon Allah ya nufa, yaron da ake kira Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya kunyata uwa da uba, ya shiga duniya, har ranar da ya shiga wani gida sata ya kashe maigidan bai san mahaifinsa ba ne.

Wannan littafi ba ya sa mutum ƙyaƙyatawa. Gatsensa na ƙaddara ne. Abin da Malam Shaihu ya zuba kuɗi ya ƙwace wa talaka, shi ne ya zama ajalinsa. Yaron da aka ce kyauta ce daga Allah, shi ya koma mai ɗauke kayan mutane. Shi kuwa Abubakar, da ya ce Zainabu yake so, ita ya bari da gawar miji da ɗa mai jini a hannu. Babu inda marubutan suka tsaya suna yi mana wa'azi a kan haka. Sun jera abubuwan ne kawai, mai karatu ya ji su a jikinsa.

Na biyun gajeren labari ne na Edgar Allan Poe, The Cask of Amontillado, wanda ya fito a mujallar Godey's Lady's Book a watan Nuwamban 1846. A nan ne dariyar ƙeta take zalla. Montresor, mai ba da labarin, ya ce abokinsa Fortunato ya ci masa mutunci. Bai nuna masa fushi ba ko sau ɗaya, kullum murmushi. Ya jira daren wani bikin gari a Italiya, lokacin da Fortunato ya bugu, yana sanye da kayan wawan sarki, hularsa da 'yan ƙararrawa. Ya san mutumin yana taƙama da sanin giya, sai ya ce ya sayo wata ganga mai tsada yana shakkar ko ta gaske ce, amma kada ya damu, zai je ya tambayi wani masani. Jin sunan kishiyarsa a sana'a ya sa Fortunato ya dage sai shi zai ɗanɗana. Da ƙafarsa ya bi Montresor cikin ramin da ke ƙarƙashin gida, inda ake ajiye giya da ƙasusuwan kakanni.

Dubi yadda Poe ya shirya tafiyar. Barorin gida duk sun fice, domin maigida ya ce musu ba zai dawo ba sai da safe, kuma kada wanda ya kuskura ya fita. Ya san wannan umarni shi zai kore su. Fortunato yana tari saboda danshin ramin, Montresor yana ta roƙonsa su koma don lafiyarsa. Fortunato ya ce tari ba zai kashe shi ba, Montresor ya amsa masa cewa gaskiya ne. Suka sha, ya yi masa fatan tsawon rai. Har cokalin gini ya zaro daga cikin rigarsa ya nuna masa, wancan ya ɗauka wasa ne. A ƙuryar ramin ya ɗaure shi da sarƙa, ya kama jera duwatsu layi bayan layi har ya toshe shi da ransa. Bayan shekara 50 yake ba da labarin, babu wanda ya kama shi.

Nakan ba 'yan aji biyu na babbar sakandare wannan labari da Hausa, da baki, bayan mun gama Jiki Magayi. Wurin tarin nan ajin yakan kece da dariya, har masu barci a baya su farka. Wurin cokalin gini wani yakan buga benci. Da aka zo jera duwatsu, Fortunato yana dariyar tsoro yana cewa ai wasa ne, a zo a tafi ana jiransu, sai ka ga fuskoki sun canja. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wai shi me ya yi masa ne?” Na ce mata labarin bai faɗa ba. Ta ce, “To mu me muke yi wa dariya tun ɗazu?”

Wannan tambaya ita ce duk abin da nake nema, kuma babu wa'azin da zai ciro ta daga bakin yaro. Poe ya zaunar da mai karatu a gefen mai ramuwa. Mun san abin da zai faru, Fortunato bai sani ba, sanin nan ya yi mana daɗi, muka yi dariya tare da mai kisa. Sai da numfashin mutum ya fara ƙarewa a bayan bango muka tuna ba a taɓa nuna mana laifinsa ba, maganar mutum ɗaya kawai muka ji muka hau. Yaron da ya kama kansa a wannan hali ya san wani abu game da zuciyarsa wanda da bai sani ba: cewa ramuwa tana da daɗi a farko, kuma shi ma yana iya jin daɗin.

Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ko dagaci a ƙasar Gwaram lokacin kaka ya ga irinta. Shanu sun shiga gona, ko an ci iyaka da taku biyu, ko rabon gado ya bar wani da ƙulli. A yi sulhu, a yi musafaha, mutum ya ce ba komai, ya wuce. Ya ci gaba da gaida abokin rigimarsa a masallaci, ya je masa barka, ya je masa ta'aziyya. Bayan damina biyu a wayi gari rumbu ya kama wuta, ko a tsinci saniya an sare mata agara, ko a ji an kai sunan ɗan wani wurin boka. Hausawa sun riga sun ce haƙorin dariya shi ke cizo. Yaranmu suna girma a cikin wannan, suna jin manya na yaba wa wanda ya iya shanye abu ya jira ranarsa, ana ce masa namiji. Littafin da zai nuna musu cikin irin wannan namijin, ya bar su su ƙyamace shi da kansu, aikin tarbiyya yake yi.

Masu ƙorafi suna da maganganu biyu masu nauyi: Montresor bai gamu da hukunci ba, kuma akwai giya a labarin daga farko har ƙarshe. Giyar dai ita ta ja Fortunato zuwa kabarinsa, ban ga yaron da zai fita daga aji yana sha'awarta ba. Batun hukunci kuwa, mutumin da ya shekara 50 yana riƙe da kowace kalma ta wannan dare, har ƙarar ƙararrawar hula ta ƙarshe, wanda da zuciyarsa ta tashi a lokacin ya ce danshin rami ne, ban kira shi wanda ya tsira ba. Addininmu ya buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar alƙali, ya kuma fifita yafiya. Montresor da Abubakar duk sun ƙi ƙofofin biyu, kowanne ya naɗa kansa mai ƙara da alƙali da hauni, kuma ɗalibai suna gane haka ba tare da na rubuta musu a allo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'ar kawar da littafi maimakon zama a karanta shi da yaro. Mun ga yadda aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya. Yau ga waya a hannun kowane yaro, yana kallon fina-finan da jarumi ke karkashe maƙiyansa ana tafa masa, babu malami a gefe, babu mai tambayar me suka yi masa.

Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi a Dutse ƙarami ne. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana sake buga Jiki Magayi, kuma ɗan siririn littafi ne; a saya a zuba a ɗakunan karatu yadda kowane ɗalibi zai riƙe nasa, maimakon malami ya tsaya da kwafi ɗaya yana karanta wa aji guda. Labarin Poe kuma bai wuce 'yan shafuka ba. Malaman Hausa na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko na Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya mayar da shi Hausa mai kyau a zango ɗaya, a buga shi a haɗe da tambayoyin tattaunawa, mu kuma mu kai shi aji.